Yaushe Ake Cewa Ya Isa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɓerayen Binciken Ciwon Daji

Kusan duk maganin ciwon daji da ake ɗaura wa majinyaci a asibiti yau, sai da ya bi ta jikin ɓera kafin ya iso jikin mutum. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi ɓangaren aikin da ba a cika kawo shi a labarai ba, wato ranar da mai bincike zai dubi dabbar da ya sa wa cuta da hannunsa, ya ce a tsaya haka.

Me ya sa ɓera aka fi gwaji da shi?

Ba ya cin wuri, ba ya cin kuɗi sosai, ga saurin haihuwa. Cikin macen ƙaramin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, kuma a shekara biyu zuwa uku ɓera ya tsufa. Cutar da za ta yi shekara ashirin tana ginuwa a jikin mutum, a jikinsa sai a ga farkonta da ƙarshenta cikin 'yan watanni. Tun 1909 wani Ba'amurke, Clarence Little, ya fara haɗa ɓeraye 'yan uwa ɗaya uba ɗaya suna haihuwa a tsakaninsu, zuriya bayan zuriya, har aka samu dangin da 'ya'yansa kusan jininsu ɗaya ne sak. Shi ya kafa cibiyar Jackson a jihar Maine a 1929, wadda har gobe tana cikin manyan masu raba ɓerayen bincike a duniya.

Babban sauyi ya zo da wani ɓera mara gashi da aka gani a wani ɗakin gwaji a birnin Glasgow na Birtaniya a 1962. Daga baya aka gano garkuwar jikinsa gurguwa ce, ba ta korar baƙon nama. A 1969 wasu masu bincike biyu a Denmak, Rygaard da Povlsen, suka dasa masa ƙari, wato ƙullutun daji, da aka ciro daga hanjin mutum, ƙarin kuwa ya kama, ya ci gaba da girma. Daga nan aka samu hanyar gwada magani a kan dajin mutum a cikin jiki mai rai.

Yau hanyoyin sa cutar uku ne aka fi bi: a yi allurar ƙwayoyin daji a ƙarƙashin fata, ko a dasa su a ainihin gaɓar da cutar ke kamawa kamar mama ko huhu ko ƙwaƙwalwa, ko kuma a bar cutar ta taso da kanta ta hanyar sinadari ko sauya ƙwayoyin gado. Ɓerayen kuma iri biyu ne, ƙarami mai nauyin giram 20 zuwa 30, da babba wanda kan kai giram 300 har ya wuce.

Mece ce iyakar jinƙai?

Alama ce da ake rubutawa tun kafin a fara gwaji, a ce da zarar an gan ta a jikin dabba, to aikinta ya ƙare. Yawanci ƙarewar na nufin a kashe ta ta hanya mafi sauƙi. Wani lokaci kuma tana nufin a dakatar da maganin da ke wahalar da ita, ko a yi tiyata a cire ƙarin.

Abin da mutane da yawa, har da wasu masu binciken, suke juyawa baibai shi ne wannan: iyakar ba ita ce matuƙar wahalar da aka yarje maka ka ɗora wa dabba ba. Ita ce wuri na farko da tambayarka ta samu amsa. Idan abin da kake nema shi ne ko magani na rage girman ƙari, kuma a kwana na 18 bambanci ya fito fili tsakanin waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba, duk kwanan da aka ƙara bayan nan wahala ce ta banza, ko da kuwa ƙarin bai kai girman da takarda ta haramta ba.

In dai ƙarshenta kashe shi za a yi, ina tausayin yake? Ɓera ma fa!

Tambaya ce mai nauyi, kuma ba a amsa ta da kwana-kwana. Gaskiya ne kusan duk ɓeran da aka sa wa daji ba ya fita ɗakin gwaji da rai. Amma mutuwa suna ta tara. Wanda aka bari cutar ta kashe shi da kanta yakan yi kwanaki yana haki, ya kasa kai bakinsa ga ruwa, jikinsa ya yi sanyi, ya takure a lungun keji. Wanda aka cire da wuri, barci ake sa shi, cikin 'yan mintuna an gama.

Mai karatu Musulmi zai iya cewa ai ɓera na cikin fasiƙan dabbobin da aka halatta kashewa. Haka ne, amma halaccin kisa daban, azabtarwa daban. Hadisin Shaddad bin Aus da ke cikin Sahihu Muslim ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za a kashe a kyautata kisan, idan za a yanka a kyautata yankan. Bai ware wata dabba ba.

Ta fuskar aikin ma, ɓeran da aka tarar da gawarsa da safe asara ne. Naman jikinsa ya fara ruɓewa cikin sa'o'i, jini ya daskare ba a iya ɗiba, wani lokaci ma 'yan uwansa na keji sun ci wani sashe. Ba a san sa'ar da ya mutu ba, ba a san ko dajin ne ya kashe shi ko maganin ko ƙishirwa ba. Makonnin da aka yi ana kula da shi sun tafi a iska.

Sai dai kada a yaudari kai cewa kullum jinƙai da bincike hannu ɗaya suke tafiya. Mai son ya ga yadda daji ke bazuwa daga mama zuwa huhu yana bukatar lokaci, ƙarin farko kuwa ba ya jiransa. A nan dabara ake nema: a bar ƙarin ya ɗan girma, a cire shi da tiyata, sannan a ci gaba da bin ƙwayoyin da suka riga suka tsere.

Wane girma ƙari zai kai a ce a tsaya?

Nan aka fi samun lambobi, kuma nan aka fi samun saɓani. A Birtaniya, masu binciken daji sun fitar da ƙa'idojinsu na farko a 1988, suka sabunta a 1998, sannan a 2010 wani kwamiti ƙarƙashin Paul Workman ya fitar da waɗanda aka fi ambato yanzu. Sun ce ga ƙaramin ɓera mai ƙari ɗaya a ƙarƙashin fata, kada matsakaicin faɗinsa ya wuce santimita 1.2, ga babban ɓera kuma 2.5. Idan gwajin magani ake yi, an ɗan sassauta zuwa 1.5 da 2.8. A Amurka kowace jami'a kwamitinta ne ke yanke nata, kuma da yawansu suna barin santimita 2 ga ƙaramin ɓera, 4 ga babba. Wata ƙa'idar da ake yawan gani ita ce kada nauyin ƙari ya wuce kashi 10 cikin ɗari na nauyin dabbar.

Tsakanin 1.2 da 2 kamar ba wani tazara, amma a yi lissafi. Ƙari mai siffar ƙwallo da faɗinsa ya kai santimita 1.2 bai cika giram ɗaya ba. Mai santimita 2 ya haura giram huɗu. A jikin ɓera mai giram 25, wannan kusan kashi ɗaya cikin shida ne na nauyinsa, kamar a ce mutum mai kilo 60 yana yawo da ƙullutu mai kilo 10 a kwiɓinsa.

Awon da kansa da ma'aunin kauri ake yi, irin mai baki biyu da ake matsewa. A auna tsawo, a auna faɗi, a ninka faɗi da kansa, a ninka da tsawo, a raba biyu. Da sauƙin faɗa. A aikace ɓera na mutsu-mutsu, fata na zamewa, wani ma'aikacin na matse ma'aunin fiye da wani, ƙarin kuma ba dole ya zama zagayayye ba. Shi ya sa ake so mutum ɗaya ya riƙa awon daga farko har ƙarshe, kuma kada ya san wane ɓera ne ke kan magani.

Girma kuma ba shi kaɗai ake kallo ba. Ƙari na iya fashewa ya zama gyambo tun yana ƙarami. Ƙa'idojin 2010 sun ce idan fata ta buɗe ko tana tsattsafo da ruwa har ya wuce awa 48, wannan kaɗai ya isa dalilin tsayawa. Inda ƙarin yake ma abin dubawa ne. Kwiɓi da gadon baya suna da sakakkiyar fata mai ba da wuri. Tafin ƙafa, wutsiya, cikin tsoka da kusa da ido ba su da shi, ƙaramin kumburi a can ya fi babba a kwiɓi ciwo. Idan kuma ƙari biyu aka dasa, hagu da dama, jimillarsu ake lissafawa, ba kowanne da nasa kason ba.

To idan ƙarin a ciki yake, ba a ganinsa?

Nan ma'auni ba shi da amfani, kuma nan gwanintar mai kula take fitowa. Ƙarin ƙwaƙwalwa na iya kayar da ɓera tun bai wuce 'yan milimita ba. Alamarsa ita ce karkatar da kai, zagaye wuri ɗaya, ko farfaɗiya. Na huhu, numfashi ne ke sauyawa. Dajin jini yana sa tafin ƙafa da kunne su yi fari fat, saifa ta kumbura. Na ƙashi yana sa ɗingishi, ƙashin ma na iya karyewa. Wasu nau'o'in kuma ruwa suke tarawa a ciki har cikin ya yi tulu.

Sikeli na taimakawa. Ƙa'idar da aka saba ita ce idan nauyi ya ragu da kashi 20 cikin ɗari a tsaya, ko kashi 15 idan ya ɗore har awa 72. Ga ɓera mai giram 25, giram biyar ke nan. Amma sikeli na iya yin ƙarya. Ƙari na ƙara nauyi, ruwan ciki na ƙara nauyi, alhali tsoka da kitse na zubewa, sai lambar ta tsaya cak kamar lafiya lau. Ɓeran da bai gama girma ba kuwa, tsayawar nauyinsa ma rama ce, don haka da sa'o'insa masu lafiya ake gwada shi.

Saboda wannan ne a 1999 Ullman-Culleré da Foltz suka fito da awon jiki da yatsa. Za ka shafa bayan ɓera daga tsakiya zuwa gindin wutsiya, ka ba shi maki daga 1 zuwa 5. Maki 3 shi ne lafiyayye, kana jin ƙashi sai ka ɗan danna. A maki 2 gaɓoɓin ƙashin baya sun fara fitowa ɗaya-ɗaya, ƙashin ƙugu na taɓa yatsa. Maki 1 fata ce da ƙashi. Wurare da yawa suna ɗaukar mataki tun a 2. Ba ya bukatar na'ura, ba ya bukatar wuta, kuma a ganina shi ne abu mafi amfani da sabon ma'aikaci zai fara koya.

Masu hali suna haɗawa da hoto. Ana sa wa ƙwayoyin dajin ƙwayar gadon ƙwaron nan mai walƙiya da dare, a yi wa ɓera allurar sinadarin da ke kunna hasken, a sa shi barci, kyamara ta ɗauko inda cutar take da yawanta. Da haka ɓera ɗaya zai ba da bayanin da a da sai an kashe rukuni-rukuni kowane mako kafin a samu.

Ɓera ba ya magana. Yaya ake gane yana jin ciwo?

Ba ma rashin magana kaɗai ba, ɓoyewa yake yi. Dabba ce da ake farauta, wadda ta nuna rauni ita mage da mujiya ke fara ɗauka. Ga shi da dare yake harkarsa, ma'aikata kuwa da rana suke zuwa, lokacin da lafiyayye da mara lafiya duk suna kwance. Da ka buɗe keji kuma, tsoro zai sa mara lafiyar ya zabura ya yi gudu kamar ba komai. Don haka ƙwararru sukan tsaya daga nesa su yi kallo tukuna kafin su taɓa murfi.

Abin da suke nema: gashi ya tashi ya yi buzu-buzu don ya daina gyara jikinsa, baya ya tanƙware, ya ware daga 'yan uwansa da ke kwance a dunƙule. Idan aka ɗago fatar wuyansa aka saki ba ta koma da sauri ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Idan ya yi sanyi a tafin hannu, abin ya yi nisa. Babban ɓera kuma yakan fitar da wani jan ruwa a gefen ido da hanci idan yana cikin damuwa, wanda ba jini ba ne ko da yake ya yi kama.

A 2010 ɗakin binciken Jeffrey Mogil a jami'ar McGill da ke Kanada ya nuna cewa ana karanta ciwo a fuskar ƙaramin ɓera. Wurare biyar ake dubawa: runtse ido, kumburin karan hanci, kumburin kunci, yadda kunnuwa suka kwanta, da yadda gashin baki ya miƙe. Kowanne a ba shi 0, 1 ko 2. Shekara guda bayan nan aka fitar da na babban ɓera. Hanyar ta fi kama ciwo mai tsanani na ɗan lokaci, irin na bayan tiyata. Ciwon da ya daɗe yana ci a hankali, irin na daji, fuska ba ta cika nuna shi ba, don haka ba a dogara da ita kaɗai.

Wata alama mai kyau ita ce sheƙa. Lafiyayyen ɓera in ka ba shi auduga ko yankakkiyar takarda, kafin gari ya waye ya yayyage ta ya gina ɗaki mai rufi. Ranar da ka tarar da audugar yadda ka ajiye ta, akwai magana.

Sau nawa ake duba su, kuma wa ke da ikon cewa a kashe?

Kullum, har Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Idan cutar ta kusa matakin haɗari, sau biyu ko fiye a rana, domin wasu nau'o'in, musamman dajin jini, kan kayar da dabba tsakanin safe da yamma. Ana cike takardar maki ga kowace dabba, don wanda ya karɓi aiki gobe ya ga inda aka kwana.

Batun iko shi ne inda rigima take. Mai binciken ya kashe watanni da kuɗi, yana son ƙarin kwana biyu. Ma'aikacin da ke share keji shi ya ga dabbar da safe, amma shi ne ƙarami a ofis. Idan sai ya jira izinin wanda ke taro a wata ƙasa, to iyakar da aka rubuta ado ce. Tsari mai kyau yana ba mai kula da likitan dabbobi ikon zartarwa ko mai binciken bai ɗaga waya ba, a kuma rubuta tun farko irin naman da za a ɗiba da yadda za a adana shi. Dokar Birtaniya ta wajabta wa kowace cibiya ta naɗa jami'in jin daɗin dabbobi da likitan dabbobi, da sunansu a lasisi.

Idan sabon nau'in daji ne da ba a san halinsa ba, ana fara gwaji da 'yan ƙalilan, a ga saurinsa da alamunsa, kafin a zuba dabbobi da yawa.

Binciken da ke auna tsawon rai fa? Ai sai an jira mutuwa.

A'a. Jadawalin nan mai kama da matakalar bene da ake gani a takardun bincike, wanda Kaplan da Meier suka fito da shi a 1958, ba ya bukatar dabba ta mutu da kanta. Ranar da ta kai iyakar da aka rubuta, ita ake sa wa a matsayin ranar ƙarshe. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 ta faɗa ƙarara a sashe na 13 cewa a guji sa mutuwa ta zama ƙarshen gwaji iyakar iyawa, a maye ta da iyaka ta wuri.

Tarko ɗaya ne a nan. Idan mai yanke hukunci ya san waɗanda ke kan sabon magani, zuciya na iya sa ya yi musu haƙurin kwana ɗaya, ya gaggauta wa sauran, sai magani ya fito kamar yana ƙara rai alhali hannun mutum ne. Maganin wannan shi ne a ɓoye masa rukunin. Sannan rubuta "idan dabba ta kai gargara" a matsayin iyaka, kamar yadda ake gani a wasu takardu, ba jinƙai ba ne. Wanda ya kai gargara ya riga ya sha duk wahalar.

Ba a ba su maganin rage zafi ne?

Bayan tiyata wajibi ne, sai da ƙwaƙƙwaran dalili a rubuce. An fi amfani da bufrenofin da meloksikam. Masu ƙin bayarwa suna cewa waɗannan magunguna na iya taɓa garkuwar jiki ko girman ƙari, kuma akwai gaskiya a ciki. Abin da ba sa faɗa shi ne ciwon da ba a magance ba shi ma yana taɓa su. Tun 1993 wani bincike a Amurka ya nuna cewa tiyata na ƙara bazuwar ƙwayoyin daji zuwa huhun manyan ɓeraye, kuma ba su mofin ya rage wannan bazuwar. Hanya madaidaiciya ita ce a ba kowane rukuni magani iri ɗaya, a kuma rubuta a rahoto. Majinyacin da ake kwaikwayo ma ai yana shan maganin zafi.

An taɓa kama wani ya ƙetare iyaka?

An taɓa. A 2015 mujallar Nature ta buga gyara a kan wata takarda ta 2011 game da wani sinadari da aka ce yana kashe ƙwayoyin daji. An gano wasu ɓerayen ƙarinsu ya wuce santimita 1.5 da kwamitin cibiyar ya amince da shi. Aka cire wannan ɓangaren sakamakon, mujallar kuma ta ce daga nan masu turo irin wannan aiki su faɗi iyakar da aka yarje musu, su tabbatar ba su wuce ta ba. A 2018 aka janye takardar baki ɗaya. Abin lura, hotuna da lambobin da suka jawo maganar suna cikin abin da mujallar ta riga ta buga, sun wuce ta hannun masu tantancewa ba wanda ya tsayar da su.

Doka me ta ce?

Ta danganta da ƙasa. Birtaniya na da dokar gwaji da dabbobi tun 1876, wadda ta 1986 ta maye gurbinta. Lasisi uku ake bukata: na wurin, na aikin, da na mutumin da zai taɓa dabbar. Tarayyar Turai ta kasa wahala mataki huɗu, kuma ƙarin da ke ramar da jiki, ko cin ƙashi, ko bazuwa, ko aka bari ya zama gyambo, yana cikin misalan mataki mai tsanani.

Amurka kuwa abin mamaki ne. Dokar jin daɗin dabbobi ta 1966 ba ta ɗauki ɓerayen da aka haifa don bincike a matsayin dabbobin da take karewa ba, kuma a 2002 majalisa ta rubuta wannan togiya cikin dokar kanta. Abin da ke kare su shi ne sharaɗin kuɗi: duk cibiyar da ke karɓar tallafin hukumar lafiya ta tarayya dole ta kafa kwamiti mai duba kowane gwaji da dabba mai ƙashin baya.

Ban da doka akwai ƙa'idojin da masu aikin suka ɗora wa kansu, kamar ARRIVE na 2010 da aka sabunta a 2020 kan abin da ya kamata rahoto ya ƙunsa, da OBSERVE na 2024 da ya bi nau'o'in daji gaɓa-gaɓa yana faɗin alamun da za a sa wa ido.

Ta yaya ake kashe su?

An fi amfani da iskar kabon dayoksaid, ko allurar barci fiye da ƙima, ko gocar da ƙashin wuya a hannun wanda ya ƙware. Iskar tana da masu suka, domin ɓera na ƙinta kuma tana sa shi jin shaƙewa kafin hankalinsa ya gushe. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka a 2020 ta ce a riƙa shigar da ita a hankali, kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari na girman akwatin a minti ɗaya, kada a jefa dabba cikin akwatin da aka riga aka cika. An fi so a yi a kejin da ta saba, ba tare da cakuɗa ta da baƙi ba. Jariran ɓeraye suna jure iskar sosai, su wata hanya ake bi. Sinadaran kulorofom da ether, waɗanda aka daɗe ana jiƙa auduga da su a jefa a kwalba, ƙungiyar ba ta yarda da su ba. Ko wace hanya aka bi, sai an tabbatar da mutuwar ta hanya ta biyu kafin a juya baya.

Kafin a kai ƙarshen, akwai abin da ke rage musu wahala?

Akwai, kuma yawancinsu ba su da tsada. Jane Hurst ta jami'ar Liverpool ta nuna a 2010 cewa ɗaga ɓera ta wutsiya, yadda aka saba shekara da shekaru, yana sa shi tsoro da ƙin hannu, amma idan aka kora shi cikin ɗan bututu ko aka tallafe shi a tafin hannu yakan natsu. Mara ƙarfi a jiƙa masa abinci a ajiye a ƙasan keji, kada sai ya miƙe tsaye. A bar shi da 'yan uwansa, a ba shi kayan sheƙa.

Zafin ɗaki ma na da labari. Ana ajiye ɗakunan a wajen digiri 22, wanda ya yi wa mutum mai rigar aiki daidai amma ya yi wa ɓera sanyi. A 2013 ɗakin binciken Elizabeth Repasky a birnin Buffalo na Amurka ya nuna cewa ƙari ya fi saurin girma a ɓerayen da ke digiri 22 zuwa 23 fiye da na digiri 30 zuwa 31, saboda sanyin na danne garkuwar jiki.

Ba za a daina amfani da su ba gaba ɗaya?

Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka kafa ginshiƙai uku: a maye dabba da wani abu inda zai yiwu, a rage yawanta, a tace hanya don rage wahala. Na farko yana ci gaba. Ana raino 'yan ƙananan gaɓoɓi daga naman majinyaci a faranti, kuma a ƙarshen 2022 Amurka ta cire wajabcin gwaji da dabba kafin a gwada sabon magani a mutum. Masu suka na da hujja babba, domin fiye da kashi 90 cikin ɗari na magungunan daji da suka kai gwajin mutane ba sa samun amincewa. Amma yadda daji ke bin jini ya sauka a hanta, ko yadda garkuwar jiki ke kokawa da shi, har yanzu faranti bai iya nuna shi duka ba.

Ni ɗalibi ne a Najeriya, aikina da manyan ɓeraye nau'in Wistar ne. Me ya shafe ni?

Ya shafe ka kai tsaye. Ayyuka da yawa a sassan haɗa magunguna da kimiyyar sinadaran jiki suna sa wa ɓeraye dajin mama ko na hanta da sinadari, sannan a gwada ruwan wani ganye ko saiwa. Irin wannan ƙarin ba ya fitowa rana ɗaya, wani a mako na takwas, wani sai bayan wata biyar, kuma ɓera ɗaya na iya fitar da uku. Don haka lalube da yatsa daga hammata zuwa matsematsi, aƙalla sau biyu a mako, yana cikin aikinka.

Jami'o'i da dama suna da kwamitin da ke ba da izini, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da nata na kula da amfani da dabbobi, kuma mujallu na ƙasashen waje suna neman lambar izinin kafin su karɓi takarda. A fom ɗin, kada ka tsaya a "za a kula da dabbobi yadda ya kamata". Rubuta girman ƙarin da za ka tsaya a kai, kashin ramar da za ka yarda da shi, makin jiki, abin da za ka yi da gyambo, da hanyar kisa. Matsalarka kuma ba sanyin ɗakunan Turai ba ce, zafin Maris da Afrilu ne idan wuta ta ɗauke, domin ɓera ba ya gumi kamar mutum, mai ƙari kuma ya fi saurin galabaita. Rubuta sunan wanda zai riƙe makullin ɗakin ya duba su ranar Sallah da lokacin yajin aiki, ka kuma samu sa hannun malaminka cewa wannan mutumin na da ikon cire dabba ko ba a same ku a waya ba.